Filin Maigida: Kafin Ka Shiga Ƙarƙashin Mota

 Ga damina tana shirin ban kwana, gero ya nuna, an fara girbi. Duk mai ɗan abin hawa a nan Bacirawa da ƙauyukan da ke kewaye ya san kwanakin nemansa sun zo. Wannan yana so a kwaso masa dammuna daga gona, wancan yana so a kai masa buhunan wake ko gyaɗa kasuwar Dawanau. Motar da ta kwanta mako uku a cikin kaka ta cinye ribar shekara.

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da gwamnati ta janye tallafin man fetur, kuɗin riƙe mota ya ƙaru ƙwarai. Mai ya hau, kayan gyara sun hau, ladan makanike ma bai tsaya inda yake ba. Saboda haka magidanta da yawa sun koma yin ƙananan gyare-gyare da kansu a ƙofar gida. Wannan abu ne mai kyau, gama mutumin da ya san motarsa ba a cika cutarsa ba. Amma akwai abin da ya sa na ɗauko wannan magana a wannan wata.

Bara war haka wani maƙwabcina, mai tsohuwar a-kori-kura, ya ji ƙara a ƙafar gaba. Washegari kuwa an yi alkawarin lodi da shi. Bayan la'asar ya sa jak a kan rairayin ƙofar gidansa, ya ɗaga motar, ya cire taya, ya zura kai da kafaɗa yana leƙe. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, ƙasa ba ta gama bushewa ba. Ɗansa mai shekara bakwai yana riƙe masa da tocila. Da yaron ya gaji, sai ya jingina da motar. Jak ya karkace, mota ta sauko. Abin da ya tsirar da ransa shi ne tayar da ya cire, wadda ya yar a ƙarƙashin motar ba da wata niyya ba. Duk da haka ƙashin kafaɗarsa ya karye.

Da na je gaishe shi ya ce mini, "Malam, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa."

Uwargidansa tana daga bakin ƙofa ta ce, "Ni dai na ce masa, Baban yara, ka bari sai da safe."

Mako shida ya yi hannu a rataye. Kaka ta zo ta wuce, motar tana tsaye. Kuɗin da ya so ya rage na makanike, ya biya ninkinsa da yawa a wajen magani. Yaron kuwa ya daɗe ba ya yarda ya matsa kusa da motar, yana ganin shi ne ya jawo wa ubansa.

Abin da nake so mu riƙe ke nan: gyaran mota yana farawa tun kafin a ɗauki sifana. Sai ka zauna ka amsa wa kanka tambayoyi huɗu. Aikin nan nawa ne? Kayan aiki sun cika? A ina zan yi shi, yaushe kuma? Wa yake kusa da ni?

AIKIN DA YAKE NAKA

Iyayenmu da suka tuƙa Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, inda aka buɗe masana'antar a 1975, sun iya gyara abubuwa da yawa a bakin hanya. Injinta a fili yake, kafireto ne da fulogi da fambel, kowa yana gani. Motocin da ake kawowa daga Turai da Amurka a zamanin nan ba haka suke ba. Suna da ƙwaƙwalwa ta lantarki da ke lura da mai da iska da wuta. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suna zuwa da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'ura ta faɗi abin da ya lalace. Irin wannan mota ba a yi mata gyaran lalube.

Ga abin da maigida mai natsuwa zai iya yi a gida: duba baƙin mai da juye shi, canza filtar mai da ta iska, canza fulogi, wanke kan batir, canza ƙwan fitila da fis da robar waifa, duba iskar taya, da sauya taya in ta yi faci.

Ga kuma abin da ya kamata a kai wa mai sana'a: duk aikin da zai sa a buɗe bututun man birki, aikin sitiyari da sifirin, kuloci da giya, bel ɗin taimin, tankin fetur, da jakar iskar nan da ke cikin sitiyari, wadda galibi ake gane wayoyinta da launin rawaya. Haka kuma kada kowa ya yarda a ɗora wa motarsa tukunyar gas a ƙofar gida. Gas ɗin mota ana matse shi da ƙarfin da tukunyar girki ko wadda mai walda ya haɗa ba za ta iya ɗauka ba.

Ma'aunin mai sauƙi ne. In ka yi kuskure a canza ƙwan fitila, fitila ce ba za ta kama ba. In ka yi kuskure a birki, kai da fasinja da mai tafiya a gefen hanyar Katsina za ku biya. Kada garin neman gira a rasa ido.

SHIRI TUN DAGA JIYA

Kada ka kwance kome sai abin da za ka mayar yana hannunka. In za ka Ƙofar Ruwa sayen kaya, ka rubuta lambar jikin motar, wadda a motocin zamani take da haruffa da lambobi 17, ka kuma ɗauki hoton abin da kake nema. In yana ciruwa ba tare da an tsai da motar ba, ka tafi da shi a gwada da sabon. Filta biyu suna iya kama da juna a ido, amma zarensu ya bambanta.

Kayan da aka ciro daga wata mota suna da amfaninsu. Murfin fitila ko hannun ƙofa, ba laifi. Amma kayan birki da taya, araha ba ta ado. Kowace taya tana da ranar haihuwarta a rubuce a gefe, lambobi huɗu a jere. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta shekara goma ta gama aiki ko da zanenta yana nan, gama roba tana tsufa, zafin ƙasarmu kuwa yana gaggauta tsufanta. Fis ma yana da lamba a kansa. In na 10 ya ƙone, na 10 za ka mayar. Mai naɗa waya ko takardar sigari a gurbin fis yana gayyatar gobara ne.

Ka yi shawara da uwargida a kan kuɗin kafin ka fara. Ka ware na kaya, ka kuma ajiye wani abu domin makanike, ko da aikin zai fi ƙarfinka. Ba kunya ba ce mutum ya tsaya a tsakiyar aiki ya kira wanda ya fi shi sani.

Ka fara da safe, ranar da ba ka da lodi washegari. Aikin da kake tsammani na awa ɗaya ne, ka ba shi awa uku. Noti ɗaya mai tsatsa ya isa ya cinye maka rabin yini, mai gaggawa kuma shi ne yake tsallake matakin da zai cece shi. Kafin ka kwance, ka ɗauki hoto da wayarka. Ka sami kwano ka riƙa zuba noti a ciki, gama abin da ya faɗa cikin rairayi ya tafi. Ka tuɓe babbar riga da rawani da agogo da zobe. Hannun riga yana iya shiga fambel, fankar wasu motoci kuma takan tashi da kanta ko an kashe inji.

ƘASARMU DA JAK

Ƙasar arewacin Kano rairayi ce. Tana da kyau ga gero da gyaɗa, amma ba ta riƙe jak. Ƙaramar mota irin Golf ta kai tan ɗaya ko fiye, wato nauyin buhu goma masu kilo 100. Jak ɗin da ke cikin but kuwa gindinsa bai fi tafin hannu ba. An yi shi ne domin ɗaga mota a sauya taya. Ba a yi shi domin mutum ya kwanta a ƙarƙashi ba. Ga yadda za ka yi:

1. Ka nemi wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, ba gangare. In da daɓen siminti, shi ya fi.

2. Ka kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihunka. Ka ja birkin hannu, ka sa giya ta ɗaya. In otomatik ce, ka sa ta a P.

3. Ka sa waigi gaba da bayan tayar da ke ɗaya kusurwar, wato in ƙafar gaba ta dama za ka ɗaga, ka tokare ta baya ta hagu.

4. Ka ɗan sassauta notin taya tun motar tana ƙasa. Jijjigar kwance noti mai tauri ita ce take ture mota daga kan jak.

5. Ka shimfiɗa katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin jak. Ka sa kan jak a wurin da aka tanada dominsa a jikin motar.

6. Da motar ta tashi, ka tokare ta da ƙafar ƙarfe irin ta gareji ko guntun gungume mai ƙwari wanda aka daidaita samansa da ƙasansa, sa'an nan ka sauke nauyin a kansa. Kada ka yi amfani da bulon siminti ko tubali. Itace yakan yi ƙara kafin ya tsage, bulo kuwa farat ɗaya yake rugujewa.

7. Ka tura tayar da ka cire ƙarƙashin motar, kusa da inda kake aiki. Abin da maƙwabcina ya yi bisa kuskure, kai ka yi shi da gangan.

8. Ka girgiza motar da hannu biyu. In ta motsa, ka sake shiri.

Bayan wannan duka, kada ka shiga ƙarƙashi sai da babban mutum a kusa wanda zai ji kiranka. Yaro ba mataimaki ba ne a wannan aiki.

WUTA, ZAFI DA BATIR

Tururin fetur ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama, ƙasa yake bi yana rarrafe, ido kuma ba ya ganinsa. A gidajenmu, inda murhu yake a tsakar gida, danga ce kawai tsakani, yana iya kai wa ga wuta ya dawo da ita har inda kake. Kafin ka taɓa abin da ya shafi fetur, ka tambayi uwargida ko an hura wuta. Ba sigari, ba fitilar ƙwai, ba aci-balbal. Kada ka wanke hannu ko kayan inji da fetur. Ka ajiye bokitin yashi kusa, tare da tukunyar kashe gobara, wadda Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, da aka kafa a 1988, take bukata a kowace mota. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi.

Kada ka zuƙi fetur da baki ta tiyo. Kaɗan ya isa ya ɓata huhu in ya sarƙe mutum. Kada kuma ka bar inji yana aiki a cikin zaure ko rufaffen gareji. Hayaƙin salansa yana ɗauke da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Mutum yakan ji ciwon kai da barci, daga nan sai a tarar da shi kwance.

Murfin lagireto yana matse ruwan ciki har zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwa, ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Da ka buɗe murfin, sai ruwan ya yi tsiri ya watsu a fuska da ƙirji. Ka jira har ka iya ɗora hannu a kan babban tiyon ba tare da ka ji zafi ba, sa'an nan ka rufa tsumma mai kauri ka murɗa a hankali.

Batir yana da kai biyu, mai alamar tarawa (+) da mai alamar ragewa (−). Kullum ka fara cire mai alamar ragewa, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa. Dalili shi ne, wannan kan a haɗe yake da dukan ƙarfen motar. In ka fara da ɗayan, sifana ta taɓa jikin mota, wuta za ta tashi, ƙarfen ya yi zafin da zai ƙone hannu. Batir kuma yana fitar da iska mai kama wuta, tartsatsi ɗaya yana iya fasa shi, ruwan cikinsa kuwa asid ne. Farin garin da ke taruwa a kan batir, jiƙaƙƙiyar kanwa tana cinye shi. Ka shafa da tsohon burushi, ka kula kada ta shiga cikin ramukan batir, ka goge ya bushe.

In ka cire taya ka ga baƙar ƙura a wajen birki, kada ka hura ta da baki. Wasu kayan birki suna da asbestos, wanda yake lalata huhu bayan shekaru. Ka goge da jiƙaƙƙen tsumma.

YARA, RIJIYA DA JUJI

A nan ne aikin uwargida yake da girma. Ranar gyara, a tsare yara da awaki a cikin gida. Ruwan lagireto mai launin kore ko ja yana da zaƙi a baki, amma guba ne mai kashe ƙoda. Man birki ma guba ne. Kada a zuba ko ɗaya daga cikinsu, ko fetur, ko ruwan batir, a cikin kwalbar lemo ko gorar ruwa. Yaro ba ya karanta takarda, kwalba yake ganewa.

Tsohon baƙin mai kuma fa? A wannan yanki namu gona tana manne da gida, ba a barin ƙasa ta huta, taki ne yake riƙe da ita. Sharar gida da toka da kashin dabbobi duk a juji suke taruwa, da bazara a kwashe su a mangala a kai gona. Wanda ya zubar da baƙin mai a juji, gonarsa ya zuba wa. Wanda ya tuttular da shi a bayan gida, ya tuna rijiyarsa da ta maƙwabcinsa ba nisa. A juye shi a jarka mai murfi a kai wa masu gareji. Kada a shafa wa yaro a kan ƙazuwa ko dabba a kan gyambo, gama yana ɗauke da dattin ƙarfe da guba daga inji.

Mataccen batir ya fi wannan haɗari, domin cike yake da dalma. A Thiaroye, kusa da Dakar ta ƙasar Sanagal, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, a unguwar da ake fasa tsofaffin batura ana ciro dalma. Mu ma a nan mun ga abin da wannan guba ta yi a Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka rasu saboda dutsen zinariya mai dalma da aka riƙa niƙawa a cikin gidaje. Ƙurarta ce take shiga ƙasar tsakar gida, mai rarrafe ya sa hannu a baki. Kada a fasa batir a gida, kada a narka shi, kada a bar shi inda yara suke wasa. A mayar wa mai sayarwa sa'ad da za a sayi sabo.

IN ABU YA FARU

In mutum ya ƙone, a riƙa zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har minti 20, sa'an nan a rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti. Ba a shafa baƙin mai, ko ƙwai, ko man goge baki. In ruwan batir ya shiga ido, a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa zalla har minti 20, a kai shi asibiti. In yaro ya sha fetur ko kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, gama amai yana tura man cikin huhu. A tafi da shi tare da kwalbar abin da ya sha. In mota ta danne mutum, a ɗaga motar tukuna, kada a ja shi da ƙarfi. A ɗauke shi a miƙe a kan katako ko ƙyaure, ba tare da an lanƙwasa wuya ko baya ba. Ko ya ce lafiyarsa ƙalau, likita ya duba shi, domin jini yana iya zuba daga ciki ba a gani.

BAYAN AN GAMA

Ka ƙirga noti da sifanu, kada a bar kome a cikin inji. Ka ɗaura notin taya a gicciye, wannan sa'an nan na daura da shi, ka ƙarasa matse su bayan motar ta sauka ƙasa. Kada ka hau kan sifana da ƙafa. In ka juye baƙin mai, ka ta da inji na minti biyu, ka kashe, ka duba ko yana yoyo, ka sake duba geji. Ka taka birki sau da yawa kafin ka motsa, ka ji ya yi tauri. Ka fara zagayawa a hankali ba kaya, ba fasinja. Bayan tafiyar kilomita 50 ka sake bin notin taya. A ƙarshe ka sami ɗan littafi ka rubuta kwanan wata, da lambar kilomita, da abin da ka canza. A ƙurarmu, baƙin mai na yau da kullum bai kamata ya wuce kilomita 5,000 ba a juye shi ba.

Maƙwabcina ya warke, ya koma kan hanya. Kwanan baya na wuce na tarar ya kai motar kan daɓen simintin wani shago, da izinin mai shagon. Ga katako a ƙarƙashin jak, ga gungume biyu da ya sa kafinta ya yanka masa, ga ƙanensa tsaye a gefe. Ɗan nasa yana zaune can nesa a inuwar darbejiya, an ba shi riƙon kwanon noti. Aikin ya ci masa safiya guda, washegari kuwa da asuba na ji tashin motarsa za ta Dawanau.

A wata mai zuwa za mu duba yadda ake shirya mota da babur domin ƙurar hunturu. Wanda yake da tambaya ya rubuto mana. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya kiyaye mu a gida da kan hanya. Sai mun sake saduwa.